Jim Reeves: Muryar Da Ta Ƙi Bin Mai Ita Kabari

Masu karatu, yau zan taɓo muku Jim Reeves, mawaƙin soyayyar nan na Amurka da iyayenmu suka sha saurara a garmaho da rediyo.

An haife shi a Texas a 1923. A 1957, cikin waƙar "Four Walls", ya bar ɗaga murya, ya matso dab da makirufo yana rerawa ƙasa-ƙasa kamar mai zance a zaure. Salon da ya ɗaukaka shi ke nan.

Ni abin da ya fi ɗaure min kai ya faru ne bayan mutuwarsa. Jirgin da yake tuƙawa ya faɗi kusa da Nashville ranar 31 ga Yuli, 1964, ya bar tarin waƙoƙin da aka naɗa ba a fitar ba. Matarsa Mary da kamfanin RCA suka riƙa sakinsu da kaɗan-kaɗan, ana ɗora wa wasu sabon kiɗa. "Distant Drums" ta zo ta ɗaya a Ingila a 1966.

A 1981 har aka haɗa muryarsa da ta Patsy Cline, wadda ita ma haɗarin jirgi ya kashe a 1963, sai ka rantse tare suka rera. Wannan haɗin kam bai kwanta min ba. Wa ya nemi yardarsu?