Tarihin Shan Batir a Wayar Hannu: Tsakanin Ma'ajiya da Sadarwa

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa akan ji mutane suna cewa hotunan da suka cika waya su ne ke shanye mata batir. Wannan maƙala za ta bi tarihin sassa biyu na wayar hannu, wato ma'ajiyar bayanai da sashen sadarwa, domin a ga wanne ya fi cin wuta, da kuma abin da wannan ke nufi ga masu ƙirƙirar kalmomin fannu.

2.0 Batir da Sadarwa

A ranar 3 ga Afrilu, 1973, Martin Cooper na kamfanin Motorola ya yi kira na farko da wayar hannu a birnin New York. Wayar DynaTAC 8000X da hukumomin Amurka suka amince da ita a 1983 takan ɗauki kimanin awa 10 tana caji, amma maganar minti 30 kacal take iya yi. Sauƙi ya fara samuwa a 1991 ta fuska biyu. Kamfanin Sony ya fito da batirin lithiyam kasuwa, sannan aka fara amfani da tsarin GSM a ƙasar Finland. A wannan tsari an raba kowace tasha kashi 8 na lokaci, ta yadda waya kan aika saƙo a kashi ɗaya ta huta a sauran. Haka kuma ƙarfen sabis yakan umurci waya ta rage ƙarfin aikawa idan tana kusa da shi. Wannan shi ya sa batir ke saurin mutuwa a wurin da sabis ya yi rauni.

3.0 Ma'ajiya Iri Biyu

Ta farko ita ce DRAM, wadda Robert Dennard na kamfanin IBM ya ƙirƙiro a 1966. Tana riƙe bayani ne a matsayin ɗan cajin da ke tsiyayewa, don haka dole a riƙa sabunta shi sau da dama a kowace daƙiƙa, ko da an ajiye wayar. Da wuta ta ɗauke, komai ya goge. Domin rage wannan ci aka yi ta sauko da ƙarfin wutar da take bukata, daga bolt 1.8 zuwa 1.2 a 2009, sannan 1.1 a 2014.

Ta biyu ita ce filasha, wadda Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba ya gabatar a 1984. A nan hotuna da waƙoƙi suke zaune, kuma ba sa bukatar wuta sai lokacin da za a rubuta su ko a buɗe su.

A 2010 Aaron Carroll da Gernot Heiser na ƙasar Ostareliya sun auna cin wutar kowane sashe na wata waya. Sun gano cewa sashen GSM da allo ne kan gaba, ma'ajiyoyin biyu kuwa suna cikin na baya. A lokacin da wayar take ajiye, sashen GSM kaɗai ya ci kusan rabin wutar.

4.0 Kammalawa

Tun da GSM ya shigo Nijeriya a 2001 Bahaushe ya ari kalma guda, memori, ya ɗora wa abubuwan nan biyu, wasu kuma suka ce ƙwaƙwalwa. Muna ganin wannan haɗawa tana daga cikin dalilan kuskuren da aka ambata a farko. A ƙasar da mutane ke biyan kuɗi a shagon caji, kuskuren yana da tsada, domin mutum zai goge hotunan iyalinsa ya bar data a kunne a inda babu sabis. Bisa ga haka, maƙalar tana ba da shawarar a kira DRAM ma'ajiyar aiki, a kira filasha ma'ajiyar dindindin, tare da fatan masana za su yi muhawara a kai.