Hatimin Sarki da Mabuɗin Manhaja: Tarihin Taswirar da ke Ƙin Buɗewa

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda 'yan uwa da data ba ta ishe su sauraro ba.

Yau tarihi za mu taɓo, tarihin wani abu da ke ba matasanmu masu koyon haɗa manhajar waya ciwon kai. Ka haɗa manhajarka, ka sa mata taswirar Google, a wayarka tana aiki lafiya lau. Ka ɗora ta a Play Store, abokinka ya sauke ya buɗe, sai ya tarar da fili fetal, toka-toka, ba hanya ba gari, sai ɗan tambarin Google a ƙasa. Sau da yawa dalilin guda ne: Google ba ta gane hatiminka ba. To wane hatimi ne wannan, kuma me ya haɗa shi da mutumin Damri ko Bakura? Ku gyara zama.

Mu fara da hatimin da muka sani. Malaman sira sun ruwaito cewa lokacin da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, zai aika wasiƙu ga sarakunan Rum da Farisa, an gaya masa ba sa karanta wasiƙar da ba hatimi, sai aka ƙera masa zoben azurfa da ake buga wa wasiƙun. Haka al'adar ta gangaro har Daular Usmaniyya. Wasiƙa za ta tashi daga Sakkwato zuwa Kano ko Katsina, manzo ya yi kwanaki a hanya. Sarkin da ta isa wurinsa bai ga lokacin da aka rubuta ta ba. Da me zai gane ba wani ne ya ƙirƙira ba? Da hatimin da ke kanta. Shi ya sa ba a barin hatimi ko'ina, domin duk wanda ya riƙe shi zai iya magana da bakin sarki.

Ita ma taswira tana da nata tarihin a ƙasar nan. A 1824 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya iso Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yana neman sanin inda kogin Kwara ya nufa. A fadar Bello aka zana masa taswirar ƙasashen yankin, wadda daga baya aka buga ta a Ingila. Amma bai samu wucewa zuwa bakin kogin ba, ta Kano da Borno ya koma. Kun ga tun a lokacin sanin hanya abu ne mai tsada, kuma mai ƙasa ne ke yanke wanda za a nuna wa, da iyakar abin da za a nuna masa.

Yanzu mu dawo gida. A tsakiyar shekarun 1970 aka fara gina madatsar ruwa ta Bakalori a kan gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, aka kammala dam ɗin a 1978. Aikin noman ranin ya shafi ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, lokacin duk ana cikin tsohuwar jihar Sakkwato, tunda sai 1996 aka ƙirƙiro Zamfara. Aka auna gonaki, aka baje su da manyan motoci, aka zana sabbin filaye a takarda don a sake raba wa manoma. Manomin da ya san iyakar gonarsa da wata tsamiya ko wani suri, ya wayi gari babu tsamiyar babu surin, abin da ya rage shi ne abin da aka rubuta a ofis. Rikici ya tashi kan diyya da rabon filaye da daminun da aka yi ba a noma ba. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Adadin da hukuma ta bayar na waɗanda suka rasu kaɗan ne, mutanen yankin da masu bincike suka ce ya fi haka nesa ba kusa ba. Allah ya jiƙansu da rahama.

Abin lura a nan, iyayenmu sun san gonakinsu sarai. Abin da ba su riƙe ba shi ne taswirar, da hannun da ke sa mata albarka. A 1978 ɗin nan kuma aka kafa dokar filaye da ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, shi ya sa har gobe takardar shaidar mallaka ta jiha sai da zanen fili da sa hannun hukuma take zama takarda.

To, a shekarun da ake gina Bakalori, can a Amurka wasu na fama da tsohuwar tambayar sarkin da wasiƙa ta iso wa: saƙon da ya zo ta kwamfuta, ta yaya za a san wanda ya aiko shi? Hoton hatimi ba zai yi ba, kowa zai iya kwafa. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka fito da dabarar mabuɗi biyu. A 1977 Rivest da Shamir da Adleman suka samar da lissafin da ake kira RSA. Ga yadda abin yake a sauƙaƙe: mabuɗi ɗaya na sirri ne, yana wurinka kai kaɗai, da shi kake sa hannu. Ɗayan na kowa ne, da shi ake duba ko sa hannun naka ne. Mai na biyun zai iya tantancewa, amma ba zai iya ƙirƙira ba. Kuma in aka canza ko harafi ɗaya a saƙon, sa hannun ya ɓaci. Nan ya fi hatimin tawada.

Google ta buɗe taswirarta a 2005, wayar Android ta farko ta fito a 2008. Tun ranar farko dokar Android ita ce ba manhajar da za ta hau waya sai mai ita ya sa mata hannu da mabuɗinsa. In ka fitar da sabon zubi, wayar za ta duba ko hatimin ya yi daidai da na tsohon. In bai yi ba, ba za ta karɓa ba. Da aka zo batun taswira sai aka ɗora a kan wannan tsari. Kana karɓar lambar izini daga Google, sannan ka ɗaure ta da abu biyu: sunan rajistar manhajarka, da zanen yatsan takardar mabuɗinka. Da farko da lissafin MD5 ake fitar da zanen yatsan, daga ƙarshen 2012 aka koma SHA-1. Shi ne dogon layin nan na haruffa da lambobi 40, bibbiyu bibbiyu, da ɗigo biyu a tsakani.

Yauwa, ga inda ake faɗawa rami. Manhaja ɗaya tana iya samun hatimi har uku. Akwai mabuɗin gwaji da Android Studio ke ƙirƙira maka da kansa a kwamfutarka, kuma kowace kwamfuta da nata. Akwai wanda kai ka ƙirƙira don ɗora manhaja. Sannan tun 2017 Google ta kawo tsarin da take riƙe wa mutum babban mabuɗin, ita ke sa hannun ƙarshe kafin manhaja ta isa wayoyin mutane, kuma daga watan Agustan 2021 sabbin manhajoji a Play Store ta wannan hanyar suke bi. Ka gane? Kai ka yi rajistar zanen yatsan mabuɗin gwaji, alhali abin da jama'a suka sauke da wani hatimin aka buga shi. Google ta duba ta ga baƙuwar fuska, ta hana taswira. Maganin bai da wuya: ka shiga Play Console, ka kwafo SHA-1 na mabuɗin da Google ke sa hannu da shi, ka ƙara a ƙarƙashin lambar izininka. Sauran biyun kuma keytool zai nuna maka su.

Wani zai ce, to in cire ɗaurin gaba ɗaya mana, ai taswira za ta buɗe. E, za ta buɗe. Amma lambar izinin tana cikin manhajar, mai wayo zai iya zaro ta. Tun 2018 kuma sai ka haɗa asusun biyan kuɗi kafin ka yi amfani da hidimomin taswirar Google, wasunsu kamar neman hanya da neman wuri kuɗi ake caja in amfani ya yi yawa. Ka bar rumbu a buɗe ke nan, wani ya ci, a kawo maka lissafi da dala.

Kada ku ɗauka wannan zancen 'yan Legas ne. A yaƙin da aka yi da shan inna a Arewa, an zana ƙauyuka da rugage daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka ba ma'aikatan rigakafi wayoyi masu nuna inda suka taka, kuma eHealth Africa da ke Kano na cikin waɗanda suka yi aikin. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Taswirar waya ta riga ta shigo ƙauyukanmu, kuma gobe ita za a riƙa amfani da ita wurin rajistar manoma, rabon taki da auna filayen noman rani.

Shi ya sa nake jan hankalinku. In ƙungiyar manoman shinkafa a Bakura ko matasan Damri suka haɗa kuɗi aka yi musu manhaja, tambayar farko ita ce: asusun Play Console da sunan wa aka buɗe, kuma mabuɗin yana hannun wa? In yana hannun wanda aka ba kwangila shi kaɗai, to shi ne mai manhajar, ku 'yan haya ne. Ranar da kuka saɓa, ko kwamfutarsa ta lalace, an tsaya ke nan. Mabuɗin ɗorawa in ya ɓace Google na iya sauya maka shi, amma sai ta hannun mai asusun. Kuma kowa ya san halin tsaron da yankinmu ke ciki. Manhajar da ta san inda gonaki da rumbuna da gidajen mutane suke, in babban mabuɗin da ake sa mata hannun ƙarshe da shi ya faɗa hannun mugu, zai iya haɗa ta bogi ya yaɗa a WhatsApp, waya ta karɓa a matsayin ta gaske.

Saboda haka ku buɗe asusun da sunan ƙungiya. Ku ajiye kwafin mabuɗin a wuri biyu, kalmar sirrinsa a wurin amintattu. Kada a tura shi a guruf, kada a ɗora shi GitHub tare da sauran aiki. Manoman Bakalori na 1980 ba su da damar riƙe taswira ko hatimi. Jikokinsu suna da ita, in sun kula.

Nan za mu dasa aya. Wanda taswirarsa ta taɓa ƙin buɗewa ya gaya mana yadda ya warware, don na baya su ƙaru. Dattawan da suka ga aikin Bakalori da idonsu kuma, don Allah ku zauna da su ku naɗi maganarsu tun suna raye. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.