Sayar da tsofaffin kuɗin ƙarfe a gwanjon intanet

Sayar da tsofaffin kuɗin ƙarfe a gwanjon intanet ciniki ne da ake baje sulallan da aka daina amfani da su a shafukan gwanjo, masu sha'awar tara su su riƙa tayawa, wanda ya fi tayi ya ɗauka. A Zariya da sauran garuruwan ƙasar Hausa, yawancin irin waɗannan kuɗi na zamanin Turawa ne, kuma ana samun su a akwatunan gado da hannun maƙeran azurfa. Darajarsu ta dogara ne a kan ƙarancinsu da lafiyar jikinsu, tsufa kaɗai ba ya sa su tsada.

Ire-iren kuɗin

Kafin Turawan Ingila su mamaye Zazzau a 1902, da wuri ake ciniki. Fatake kuma suna amfani da dalar azurfa ta Maria Theresa, wadda aka ci gaba da bugawa ɗauke da shekarar 1780 har ƙarni biyu bayan haka. Don haka ganin 1780 a jikinta ba hujja ba ce ta cewa a shekarar aka ƙera ta.

A 1907 aka fitar da anini na farko, wanda aka yi da alminiyam, mai huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Daga 1908 aka koma yin sa da gamin tagulla da nikel. Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta fitar da taro da sisi da sule da fataka na azurfa daga 1913, sannan ta koma ƙarfe mai ruwan ɗorawa a 1920. Babban Bankin Najeriya ya fara fitar da nasa kuɗin a 1959, naira da kobo kuma suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1973.

Abin da ke sa daraja

Masu saye suna duba abubuwa huɗu: shekara, alamar masana'anta, irin ƙarfen, da lafiyar jiki. Alamar masana'anta ƙaramin harafi ne, kamar H na masana'antar Heaton da KN na King's Norton, dukkansu a Birmingham, da SA na Pretoria. Kwabo biyu masu shekara ɗaya kan sha bamban a farashi saboda wannan harafin kawai.

Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas misali ne na yadda labari kan yaudari sabon mai sayarwa. Sarkin ya yi murabus a watan Disamba na shekarar, kuma Afirka ta Yamma na cikin yankuna ƙalilan da suka kashe kuɗi masu sunansa. Amma an buga kwabon da yawa, shi ya sa farashinsa bai da tsada.

Ana auna lafiyar jiki da ma'aunin Sheldon, daga 1 zuwa 70. Kamfanonin PCGS da NGC na Amurka suna tantance sule su rufe shi a cikin gidan roba, sai dai kuɗin aikin yakan zarce darajar kwabo na gama-gari.

Matakan sayarwa

Matakin farko shi ne gane abin da ake riƙe da shi, ta hanyar kwatanta shi da kundin Numista ko na Krause, tare da auna nauyi da faɗi. Ba a goge tsohon sule da toka ko lemun tsami ko man goge ƙarfe, domin gogewa tana barin ƙarce-ƙarce, kuma masu tarawa suna rage tayi sosai a kan abin da aka goge.

Ana ɗaukar hoton fuska da baya da gefe a hasken rana, a bayyana duk wani aibi, kamar tsatsa ko tabon walda a sulallan da aka taɓa mayarwa abin wuya. Wajen sa farashi, abin dubawa shi ne nawa aka sayar da irinsa a baya. Abin da wasu suke nema ba ma'auni ba ne. Shafin eBay, wanda aka kafa a 1995, yana nuna cinikin da aka kammala. Sulalla masu araha sun fi tafiya idan aka haɗa su kashi ɗaya, masu ƙaranci kuma akan miƙa su ga gidajen gwanjo irin su Spink a Landan ko Heritage Auctions a Dallas.

Kafin a buɗe gwanjo, mai sayarwa kan lissafa kamashon shafi da kuɗin aikawa, ya kuma tabbatar shafin yana iya biyan kuɗi zuwa asusun Najeriya. Ana aika kaya ne ta hanyar da ke da lambar bin sawu. Duk mai sayen da ya yi tayin miliyoyi sannan ya nemi a fara biyansa kuɗin rajista ko na gwaji, alamar damfara ce.

Doka

Dutsen Kufena, tsohon mazaunin mutanen Zazzau da ke yammacin birnin Zariya, yana cikin wuraren tarihi na ƙasa. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wato NCMM, ta haramta haƙa don neman kayan tarihi ba tare da izini ba, da fitar da su daga Najeriya babu takardar hukumar. Saboda haka wuri ko ƙarfen da aka tono a irin wannan waje, hukumar ake sanarwa, ba a kai shi gwanjo. Abin da aka cire daga inda yake kwance ba tare da bincike ba ya rasa shaidar da masana ke karanta tarihin wurin da ita.

Haka kuma sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana sayar da takardun naira da sulallanta, hukuncin kuwa ɗaurin aƙalla wata 6 ne ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun.