Wasan "Me Za Ku Yi?": Daga Teburin Hafsoshin Jamus Zuwa Tabarmar Bande

Akwai wani wasa da ya shekara hamsin yana yaɗuwa a Amurka da Turai, wanda yawancin iyaye a nan Bande ba su taɓa jin sunansa ba, amma da za su ga ana yin sa sai su ce ai tatsuniya ce. Mutum huɗu ko biyar ne ke zama su kewaye tebur. Ɗaya ya riƙa bayyana musu wani gari ko daji da babu shi sai a baki, sauran kuma kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi. In mai jan labarin ya kawo su wuri mai wuya, sai ya tsaya ya ce, "To, me za ku yi?" Amsar da suka bayar ita ke juya labarin. Wanda ya fi suna cikin irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons. Na ga ya dace malamai da iyaye su san inda ya samo asali, domin tarihin nasa yana koya wa mutum yadda zai ja shi da yaran da ba su taɓa yi ba.

Abin mamaki, a barikin soja aka haife shi. A 1824 wani matashin hafsa na ƙasar Furusiya, cikin Jamus ta yau, mai suna Georg von Reisswitz, ya nuna wa manyansa wani wasan yaƙi da ya gyara daga wanda mahaifinsa ya ƙirƙiro. Ana shimfiɗa taswira, a jera 'yan guntayen ƙarfe ja da shuɗi a matsayin runduna. Sabon abin da ya kawo shi ne alƙali. Ɓangarorin biyu ba su ganin shirin juna, kowa ya rubuta umarninsa ya miƙa wa alƙali, shi kuma ya faɗa wa kowa abin da idonsa zai iya gani a fagen fama kaɗai. Shugaban hafsoshi, Janar von Müffling, ya yaba, aka raba wasan ga rundunoni. Da Furusiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai sojojin wasu ƙasashe suka yi ta kwaikwayo. Wannan alƙalin shi ne kakan mai jan wasa na yau.

Daga soja abin ya koma hannun masu sha'awa. A ƙarshen shekarun 1960, a jihar Minesota ta Amurka, wani ɗalibi mai suna David Wesely ya shirya wasa a kan wani garin Jamus da ya ƙago, ya kira shi Braunstein. Maimakon ya ba kowa runduna, sai ya ba kowa mutum ɗaya: wannan magajin gari, wannan mai banki, wannan shugaban jami'a, wannan ɗalibi mai tayar da zaune tsaye. 'Yan wasan suka watsar da tsarin da ya tanada, suka shiga ƙulle-ƙulle da cinikayya a tsakaninsu. Wesely ya ɗauka wasan ya lalace. Su kuwa suka ce a sake. Ɗaya daga cikinsu, Dave Arneson, shi ya mai da salon zuwa duniyar dodanni da kogunan ƙarƙashin ƙasa, daga baya ya haɗu da Gary Gygax na jihar Wiskonsin, suka fitar da Dungeons & Dragons a Janairun 1974, ƙananan littattafai uku cikin kwali, kwafi 1,000 a bugun farko.

Ina son labarin Wesely ƙwarai, don duk malamin da ya gwada wasan nan zai ji abin da ya ji. Ka kwana kana shiri, yara su zo su bi ta wata hanya daban.

A wannan shekara ta 1974 ce Seyni Kunce ya karɓi mulki a Yamai, gwamnatinsa kuma ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, har wasan kwaikwayo na Hausa ya bunƙasa a garuruwa da ƙauyuka. Wanda ya saurari 'yan wasan rediyon Damagaram a zamanin su Yazi Dogo ya san ba haddar takarda suke yi ba. A zauna a yarda da ƙashin labari, a raba wa kowa matsayinsa, magana kuma kowa ya samo tasa a fage. Kafin su ma akwai wasan kara na Damagaram, inda matasa ke ɗaukar matsayin manyan ƙasa su kwaikwayi shigarsu da tafiyarsu da maganarsu, ga kuma tashe cikin watan azumi. Ɗaukar matsayin wani ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Duniyar ƙage ma muna da ita, da Gizo da Ƙoƙi da Dodo da 'yar sarkin da aka hana ta dariya.

Abu ɗaya ne tatsuniya ba ta ba yaro. Tun daga "ga ta nan" har "ƙurunƙus", labarin yana bakin kaka. Yaro zai yi amshi, zai yi dariya, zai tsorata, amma ba shi da ikon hana kura faɗa wa rami. A lakwal ma kusan haka ne, mushe ya faɗa, aji ya maimaita, sau da yawa cikin harshen da yaron bai iya gardama da shi ba. Tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar a 2025 ake ta maganar littattafai, ni kuwa abin da ya fi damuna shi ne ina yaro zai sami wurin da za a tambaye shi shawara, ya bayar, ya ga abin da ta haifar.

Shi ya sa na fara gwada wasan da 'ya'yan gidanmu da na maƙwabta, a kan tabarma bayan la'asar. Ba mu da littafin dokoki, ba mu buƙace shi ba. Taswira a ƙasa nake zana ta da kara, tsakuwa ta zama mutane. Yara biyar sun isa, in sun wuce haka masu kunya za su ɓace. Kowa na ba shi sana'ar da ya sani, maƙeri, mafarauci, ɗan koli, mai tallar fura, da abu ɗaya da ya gwanance a kai da kuma abu ɗaya da yake tsoro. Tsoron nan ya fi gwanintar amfani, don shi ke sa su nemi juna.

Labarin farko kuwa daga Daura na aro shi, tunda ba ta da nisa da mu kuma yaran sun ji labarin rijiyar Kusugu da macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Sabon shiga yana bukatar matsala guda wadda ake gani da ido: ga gari, ga ƙishirwa, ga rijiya, ga abin da ke cikinta. Bayajida wuƙa ya nema wurin maƙera ya sare kan macijin, ni ma abin da na zata za su yi ke nan. Sai wata yarinya 'yar shekara tara, mai tallar fura a wasan, ta ce ita ba ta ga dalilin faɗa da maciji ba, a haƙa wata rijiyar mana. A nan ne aikin mai jan wasa yake. Da na ce mata ba haka labarin yake ba, da wasan ya koma tatsuniya. Sai na tambaye ta wa zai haƙa, gaba nawa ne kafin a tarar da ruwa, in ana haƙa gaba ɗaya a yini kwana nawa ke nan, kuma me garin zai sha kafin nan. Suka yi ta lissafi da yatsu, maƙerin ya ce shi zai ƙera diga amma sai an biya shi, mafarauci ya tafi neman tafki a daji ya haɗu da abin da na tanadar wa rijiya. Macijin nan har aka tashi ba a kashe shi ba.

Yaro mai baki zai so ya cinye wasan, don haka tambayar nake zagayawa da ita, kowa da sunansa na wasa. Ba na gyara wa yaro Hausa ko lissafi yana tsakiyar magana. Kuma ba na kashe mutumin sabon shiga. In dabararsa ta ƙi, ya rasa takalmi ko jaki, ko a kama shi 'yan'uwansa su zo belinsa.

Saura maganar da na san iyaye za su tayar, kuma suna da gaskiyar tayar da ita. A wasan Turawa, in ana shakkar ko dabara za ta ci, 'ya'yan ludo ake jefawa, har da wani mai fuska 20. Malamanmu da yawa sun hana wasa da irin wannan ko babu kuɗi a ciki, bisa hadisin da ya zo a kan nardi, kuma a idon mutanenmu jifan ɗan ludo ɗan'uwan jifan wuri ne a dandalin caca. Ga kuma batun bokaye da aljanu a cikin labaran. Amurkawa ma sun yi wannan rigima a shekarun 1980, iyaye da majami'u suka zargi wasan da koyar da tsafi, har kamfanin ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. Ban ga dalilin da zai sa malami a Bande ko Dungas ya jawo wa kansa wannan faɗa ba. Sihiri ba dole ba ne, wayon Gizo ya ishe mu. Ɗan ludon ma tarihi ya nuna ana iya ajiye shi: a 1876 wani hafsan Jamus, Verdy du Vernois, ya ga dokoki da jefe-jefe sun yi wa wasan yaƙi nauyi, ya ba da shawarar a bar alƙali mai ƙwarewa ya yanke hukunci da hankalinsa, kuma salon nasa ya karɓu. Ni in dabara ta yi kyau sai in bar ta ta ci. In da shakka, sai in jefa wa yaron kacici-kacici ko ɗan lissafi, in ya amsa ƙofa ta buɗe, in ya kasa ya nemi taimakon ɗaya daga abokansa, amma da lada.

Ga manyan yara, 'yan aji biyar da shida, ba sai an ƙago duniya ba. A ba su ayarin fatake daga Damagaram zuwa Kano a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye birnin da ganuwa ya kuma sa aka ƙera igwa. Wannan madugu, wannan jagaba mai duba hanya, wannan uban dawaki, wannan mai jakuna goma na kanwa da ya ci bashi kafin ya taso. A zango na uku wani sarkin gari ya ce sai an biya kuɗin wucewa ninki biyu, rijiyar gaba kuma an ce ta ƙafe. A nan nake tsayar da wasa in an kira magariba, su kwana suna gardamar hanyar da za a bi.