Daga Ayarin Goro Zuwa Kuɗin Waya

Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja ba su da makarantar kasuwanci sai ayari. Yaro kan fara da korar jakuna da ɗaurin kaya. Tafiya daga Kano zuwa Salaga takan ci watanni, a cikinta yake ganin yadda madugu ke sasantawa da sarakuna kan kuɗin hanya, da yadda ake jera goro cikin ganye ana tsince ruɓaɓɓe kada ya ɓata saura. In aka sauka zango, a Sansanin Mango ko a Didawure ta Sokode, sai a baje hirar farashi da hanya a gaban babba da yaro, ba a korar kowa.

Amfanin wannan ya fito ne lokacin da hanya ta rikice. Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892. Fatake ba su zauna ba, suka koma Kete-Karachi da Kintampo. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, irin su Alhassan Ɗantata, wanda shi ma ya yi fataucin Gwanja, sun riga sun gane tura goro Legas ta teku.

Mu ma nan Sinkase, inda Togo da Burkina suka haɗu, Gana na kusa, mun ga namu. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, da kuma lokacin da Gana ta cire sifiri huɗu daga sidi a 2007, shagunan da yaransu suka san asalin kuɗin kaya da lissafin canji su suka fara gyara farashi. Waɗanda maigida ke riƙe komai a kansa sun daɗe suna lalube.

Sai Flooz da T-Money suka zo, koyarwa ta juya. Da yawanmu yaran shago ne suka nuna mana yadda ake biyan mai kaya a Lome ba tare da ɗaukar kuɗi a jaka ta Dapaong da Sokode ba. Wasu iyayen gida sun ji nauyin tambaya, har aka sha gabansu.

Abin da ke damunmu yau, a cikinmu akwai masu ɓoye wa yaro sunan dillali da farashin sari, wai kada ya tashi ya buɗe nasa. Shekara biyar yana shago, bai taɓa raka kaya wajen kwastan ba.