Yadda Kudancin Ostireliya Ta Buɗe Wa Manyan Batura Ƙofa

Ranar 28 ga Satumba, 2016, guguwa mai ƙarfi ta kayar da turakun manyan layukan wuta a jihar Kudancin Ostireliya, jihar baki ɗaya ta faɗa cikin duhu. A watan Mayun shekarar aka rufe tashar kwal ta ƙarshe da ke Port Augusta, don haka masu adawa suka yi caa a kan injinan iska da jihar ta runguma. Gwamnatin Firimiya Jay Weatherill ta ƙi komawa ga kwal. A watan Maris na 2017 ta fito da shirin makamashi na dalar Ostireliya miliyan 550, wanda ya haɗa da neman mai gina ma'ajiyar wuta. A wannan watan ne Elon Musk, shugaban kamfanin Tesla, ya ce zai kammala batir cikin kwana 100 da sa hannu a yarjejeniya, in ya gaza ya bayar kyauta.

Ranar 1 ga Disamba, 2017, aka ƙaddamar da batir ɗin Hornsdale kusa da garin Jamestown, mai ƙarfin megawat 100, mafi girma a irinsa a duniya a lokacin. Tesla ce ta gina, kamfanin Neoen na Faransa ya mallaka. Hikimar tana cikin yadda gwamnati ta sa hannu a aljihu. Ta bar mallaka ga 'yan kasuwa, ta ɗauki alƙawarin biyan kimanin dala miliyan 4 duk shekara har shekara goma, domin a keɓe mata megawat 70 saboda ranar tsautsayi. Tabbacin wannan kuɗin ne ya kwantar da hankalin masu zuba jari a kan abin da ba a taɓa gwadawa da wannan girman ba.

An yi suka, kuma ta cancanci amsa. Scott Morrison, ministan kuɗi na tarayya a lokacin, ya kamanta batir ɗin da wani ƙaton gunkin ayaba da 'yan yawon buɗe ido ke zuwa kallo, yana nufin ba zai iya riƙe jiha ba. Gaskiya ne ba zai iya ba, amma dama ba don haka aka gina shi ba. Wutar da ke kan layi tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma da ta kauce sosai sai tashoshi su fara kashe kansu ɗaya bayan ɗaya. Makonni biyu da ƙaddamarwa, wani injin kwal a tashar Loy Yang ta jihar Victoria ya tsaya kwatsam, batir ɗin ya turo wuta cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Kamfanin injiniyoyi na Aurecon ya ƙiyasta cewa a shekarar farko kaɗai ya rage wa kasuwar wuta kimanin dala miliyan 40.

Suka ta biyu ta fi nauyi: kuɗin gwamnati ba ya jin zafin asara. Aikin Snowy 2.0, na tura ruwa saman tsauni a sako shi lokacin buƙata, an sanar da shi a 2017 kan dala biliyan 2, zuwa 2023 ya kai biliyan 12. Bambancin shi ne a can kamfanin gwamnati ne ke ɗauke da duk wani ƙarin kuɗi, a Hornsdale kuwa haɗarin gini yana wuyan 'yan kasuwa. A 2020 aka faɗaɗa Hornsdale zuwa megawat 150, a 2021 Victoria ta buɗe nata mai megawat 300 kusa da Geelong. Tallafin da ya yi albarka shi ne wanda ya sayi aikin da ake iya aunawa, ya bar mai gini da nauyin alƙawarinsa.