Inda Ƙugiya Ke Karyewa: Nazari a Kan Lalacewar Haruffan Hausa a Manhajojin Kwamfuta

A ɗauki manhajar rijistar ɗalibai, irin wadda ake girkawa a kwamfutar ofishin makaranta, ba ta buƙatar intanet. Magatakarda ya shigar da sunan yaro, Ɗanjuma, garinsu Haɗejia, a fuskar kwamfuta komai ya fito daidai. Da aka fitar da jerin sunayen aka buɗe shi a Excel, sai ga "ÆŠanjuma" ɗan "HaÉ—ejia". Washegari aka sake buɗe rijistar, sunan ya koma "?anjuma". A takardar rasit kuwa wani ɗan akwati ne ya tsaya a gurbin harafin farko. Aka kira wanda ya rubuta manhajar, ya duba ya duba, ya ba da shawarar da aka saba ji: a daina sa ƙugiya, a rubuta Danjuma kawai. Shawarar tana kashe ƙorafi, amma tana kashe ma'ana tare da shi, domin ƙafa ba kafa ba ce, ƙaya kuma ba kaya ba ce.

Abin da wannan nazari yake son nunawa shi ne, waɗancan alamomi uku ba ciwo ɗaya ba ne. Kowace tana da sanadinta da wurin da take kamawa, kuma siffar ɓarnar ita ce ke gaya wa mai gyara inda zai dosa. A manhajojin zamani da wuya rubutu ya lalace yana zaune a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Yana lalacewa ne a bakin iyaka, wato lokacin da zai fita daga manhaja zuwa fayil, zuwa rumbun bayanai, zuwa hannun Windows, ko zuwa firinta.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII da Amurkawa suka fitar a 1963 gurbi 128 ne kacal, ya ishi Turancin Ingilishi. Daga baya aka faɗaɗa zuwa gurbi 256, kowane yanki da nasa jadawalin. Na Yammacin Turai, wanda Microsoft ya kira Windows-1252, ya ɗauki é da ñ da ü, bai ɗauki ɓ da ɗ da ƙ ba, ko da yake haruffan sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930. Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ya ba kowane harafi lambar kansa: ƙ ta sami U+0199, ɗ ta sami U+0257, ɓ ta sami U+0253, ƴ ta sami U+01B4. To amma samun lamba daban, yadda za a rubuta lambar a fayil daban. A watan Satumba na 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, wanda ya bar haruffan ASCII a bayit ɗaya ɗaya kamar da, ya ba haruffa irin namu bayit biyu. Daga nan labarin ya soma.

Harafin ƙ a UTF-8 bayit biyu ne, C6 da 99. Idan mai karanta fayil ɗin ya ɗauka da Windows-1252 aka rubuta shi, zai duba jadawalinsa ya ga C6 ita ce Æ, 99 kuma ita ce ™, sai "ƙasa" ta fito "Æ™asa". Haka ɗ, wadda take C9 97, ke zama "É—". Japanawa, da suka daɗe suna fama da irin wannan, suna ce masa mojibake. Duk muninsa, shi ne ciwo mafi sauƙi, domin ba abin da ya ɓata: bayit ɗin suna nan yadda aka rubuta su, mai karatun ne ya sa tabarau na wani. Excel, idan aka danna fayil ɗin CSV sau biyu, yakan yi wannan kuskure sai an sa masa tambari a farkon fayil ɗin, wato bayit uku EF BB BF, da ke shaida masa UTF-8 ne. A Python, rubuta fayil da "utf-8-sig" maimakon "utf-8" shi ke nan an gama. Haɗarin yana zuwa ne idan magatakarda ya buɗe fayil ɗin a gurɓace, ya gyara wani abu, ya adana. Sai ɓarnar ta hau kan ɓarna, harafi ɗaya ya zama huɗu ko fiye.

Akwai wani abu a nan da ya cancanci a dakata a kansa. Windows-1252 yana da gurabe biyar da ba a sa musu komai ba: 81, 8D, 8F, 90 da 9D. Babban harafin Ɓ kuwa, U+0181, a UTF-8 C6 81 ne. Saboda haka manhajar Python da ta buɗe fayil ba tare da ta ambaci tsarin lamba ba, a kan Windows da aka saita da Ingilishi, za ta yi ta haɗiye ɗ da ƙ tana gurɓata su shiru, ba ta ce uffan ba, har ranar da ta ci karo da jimlar da ta fara da "Ɓarawo" ko "Ɓera". A ranar ce za ta faɗi da saƙon UnicodeDecodeError. Mai gyara da bai san wannan ba sai ya zargi layin da manhajar ta faɗi a kai, alhali layuka dubu da suka gabata sun riga sun lalace. Java ma ta daɗe tana bin saitin kwamfutar da ta sami kanta a kai, sai a fitowa ta 18, a 2022, aka mai da UTF-8 abin da take ɗauka kai tsaye. Notepad bai koma adanawa da UTF-8 da kansa ba sai a 2019. Abin da ya rage wa mai rubuta manhaja shi ne ya ambaci tsarin lamba da bakinsa duk inda ya buɗe fayil, kada ya bar wa kwamfutar mai saye ta zaɓa masa.

Alamar tambaya ita ce mugun ciwo. Idan aka tilasta wa ɗ shiga jadawalin da ba ta da gurbi a ciki, sai a cire ta a sa "?" a madadinta, kuma ba wata dabara da za ta dawo da ita: ba wanda zai iya sanin ɗ ce ko ƙ ce ta tsaya a wurin sai wanda ya san kalmar. Wurare biyu aka fi gamuwa da wannan. Na farko rumbun bayanai. A SQL Server, ginshiƙin VARCHAR na gargajiya jadawalin gurbi 256 yake bi, NVARCHAR ne ke riƙe Unicode. Ko an zaɓi NVARCHAR ɗin ma, idan aka rubuta sunan kai tsaye a cikin umarnin SQL ba tare da harafin N a gabansa ba, za a murƙushe shi tun kafin ya isa ginshiƙin. Sai a fitowar 2019 aka ba VARCHAR damar ɗaukar UTF-8, shi ma sai an zaɓa da gangan.

Na biyu Windows kanta. Tun Windows NT 3.1 ta 1993 take riƙe rubutu da Unicode a cikinta, amma ba ta yar da tsofaffin manhajoji ba, shi ya sa kusan kowane umarninta da ya shafi rubutu yake da tagwaye: CreateFileA da CreateFileW, MessageBoxA da MessageBoxW. Mai W yana karɓar Unicode, mai A yana bi ta tsohon jadawali. Manhajar C da ta kira fopen a kan fayil mai suna "Ƙididdiga.txt" za ta iya cewa babu shi, ga shi kuwa ana kallon sa a cikin folda. Visual Basic 6, na 1998, wanda har yanzu akan ci karo da manhajojin shago da na makaranta da aka gina da shi, yana da wannan rabuwar kai: a ciki Unicode yake riƙewa, amma akwatunan rubutunsa na asali ta tsohuwar hanya suke bi. Delphi bai koma Unicode gaba ɗaya ba sai a fitowar da ake kira Delphi 2009. Wanda ya gaji irin waɗannan manhajoji ya sani ba gyaran layi ɗaya ke gabansa ba.

Ɗan akwatin nan kuwa ba ciwon bayanai ba ne ko kaɗan. Lambar daidai take, kundin siffofin haruffa da aka zaɓa, wanda masu ɗab'i ke kira font, shi ne ba shi da zanen harafin. Charis SIL da Andika da Noto duk suna da haruffan Hausa, a haɗa ɗaya a cikin manhajar. Sai dai ƙananan firintocin rasit masu bin umarnin ESC/POS suna buga rubutu ne da jadawalan da ke cikin jikinsu, waɗanda ba a yi su da Hausa a zuci ba. Abin da aka fi yi shi ne a zana rasit ɗin a matsayin hoto a tura musu. Yana ɗan jinkiri, amma ƙugiya tana fita.

Har yanzu ba mu zo kan abin da ya fi wahalar da manhajojin ƙasar Hausa ba, wato waƙafin sama na Sa'adu da Mu'azu da 'Yan'awaki. A harshen SQL wannan alama ita ce ke buɗe zance ta rufe shi. Wanda ya gina umarninsa ta hanyar liƙa abin da aka rubuta a akwati kai tsaye, da an shigar da Sa'adu sai umarnin ya yanke a "Sa", manhaja ta yi kuka. Na sha ganin an "gyara" wannan da hana akwatin karɓar alamar, wanda daidai yake da a ce wa mutum ya sake suna. Ramin da Sa'adu ya faɗa kuwa shi ne ramin da ɓarawon bayanai ke shigowa ta ciki, ya cusa nasa umarnin. Maganin duka biyu ɗaya ne: a tura umarni daban, a tura bayanai daban a matsayin ma'aunai, abin da kowane ɗakin karatun rumbun bayanai yake da hanyar yi. Bayan wannan akwai wata: alamar ba ɗaya ba ce. Akwai miƙaƙƙiya ta kibod, U+0027, akwai lanƙwasasshiya da Word ke sauyawa da kansa, U+2019, akwai kuma U+02BC wadda Unicode ya ɗauka harafi ce ba alamar rubutu ba. Ido yana ganin Sa'adu uku iri ɗaya, kwamfuta tana ganin mutum uku. Sannan abin da Nijeriya ke rubutawa 'y, Nijar tana rubuta shi ƴ, don haka manhajar da za ta yi aiki a Katsina da Maraɗi dole ta san 'ya'ya da ƴaƴa kalma ɗaya ce.

Wannan ya kawo mu kan bincike da jerawa, inda babu abin da ya lalace amma sakamakon ba daidai ba ne. SQLite, wanda manhajojin tebur da yawa ke ɗauke da shi, yana adana Unicode lafiya lau, amma upper da lower da LIKE ɗinsa haruffan ASCII kaɗai suka san babba da ƙarami. Neman "ƙanƙara" ba zai kawo "Ƙanƙara" ba. Tsohuwar dabarar nan ta rage 32 daga lambar ƙaramin harafi a sami babba ma ba ta aiki: ƙ da Ƙ maƙwabta ne, amma ɓ tana U+0253, babbarta tana can U+0181, a wata unguwa dabam ta jadawalin. Haka nan dabarar da Turawa ke yi don bincike, ta warware é zuwa e da alamar samanta a yar da alamar, ba ta taɓa haruffanmu, domin Unicode bai ɗauki ƙ a matsayin k mai ado ba, harafi ne mai zaman kansa. A nan Unicode ya yi daidai da nahawun Hausa, amma ya bar wa mai manhaja aiki: sai ya rubuta ɗan jadawalinsa da hannu. Jerawa kuma, idan da lamba aka yi ta, Ɗanjuma zai koma bayan Zainab. Bayanan CLDR, waɗanda ɗakin karatun ICU ke amfani da su, suna da ƙa'idar jeren Hausa: ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, sh da ts kuma kowanne harafi guda. .NET ya koma kan ICU tun fitowa ta 5 a 2020, Qt yana da QCollator. Kiran su ya fi ƙirƙiro sabon jere.

A ganina tsarin da ya fi dacewa shi ne ginshiƙi biyu. Ɗaya ya riƙe sunan yadda mai shi ya rubuta, da ƙugiyarsa da waƙafinsa, shi ake nunawa, shi ake bugawa a takardar shaida. Ɗayan kuma na ɓoye, an mai da haruffansa ƙanana, an sauke ƙugiya, an haɗe waƙafan nan uku, da shi ake bincike. Dalili kuwa shi ne, yawancin masu zama gaban kwamfutar ba su da kibod mai ƙugiya a saite, ko da yake Windows tana da tsarin kibod na Hausa, Keyman ma yana nan kyauta. Magatakarda zai rubuta "danjuma", kuma ya kamata ya sami Ɗanjuma. Masu ganin wannan sassauci ne ga lalaci suna da hujja, amma manhajar da ta ce "babu" alhali akwai, ita ke sa a sake yi wa yaro rijista sau biyu.

Me ya sa matsalar ta daɗe haka, bayan kayan gyaranta sun shekara fiye da talatin a hannu? Amsar tana cikin sunayen gwaji. Mai rubuta manhaja yakan gwada aikinsa da Musa da Audu da Amina, sunayen da ko ASCII na 1963 zai ɗauka ba gardama, ya ga komai ya tafi sumul, ya miƙa aiki. Kai da ke rubuta manhaja, kafin ka kai wa mai saye, shigar da Ɗanjuma Sa'adu daga Ƙanƙara, ka ƙara jimla mai farawa da Ɓ. Ka adana, ka rufe, ka sake buɗewa, ka fitar zuwa Excel, ka buga rasit, sannan ka neme shi da ƙananan haruffa ba ƙugiya.